Daga Makuba Zuwa Fenti: Tarihin Adon Bangon Ɗaki a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

A zangon karatun da ya gabata, sa'ad da muke nazarin kalmomin sana'o'in gargajiya, na rubuta kalmar "makuba" a kan allo, na tambayi ɗalibai ma'anarta. Duk ajin mutum biyu ne suka ɗaga hannu. Ɗaya ta ce ta taɓa ganin kakarta tana jiƙa ta lokacin da za a yi daɓe, ɗayan kuma ya ce ya ji magina suna ambatonta amma bai taɓa sa ta a ido ba. Da na rubuta "fenti" kuwa, ba wanda ya tsaya wani tunani. Wannan ne ya sa na ga ya dace a rubuta wannan takarda. Manufarta ita ce a bi sawun yadda Bahaushe ya riƙa ƙawata bangon ɗakinsa tun daga ƙarni na 19 zuwa yau, da kayan da ya yi amfani da su, da kuma dalilan da suka sa abin ya sauya. Za a yi ta kai da komo tsakanin Nijar da Nijeriya, domin iyakar da Turawa suka shata ba ta raba magina ba, kuma ba ta raba kalmomin aikinsu ba.

2.0 Kalmomin aiki da kayan aiki

Wajibi ne ɗalibi ya fara rarrabe wasu kalmomi da ake yawan cakuɗawa. Idan magini ya gama jera tubali, sai a yi "yaɓe", wato a ɗauko kwaɓaɓɓiyar ƙasa a rufe jikin bango da ita har ya daidaita. "Shafe" yana zuwa ne bayan yaɓe, shi ne bi da ake yi da wani abu mai ruwa-ruwa domin bango ya yi santsi ko ya sami launi. "Daɓe" na ƙasan ɗaki ne, ana yin sa da duka. "Zane" kuma shi ne fitar da siffa a jikin bango, ko da yatsa, ko da wuƙa, ko da launi. Kalmar daga aikatau "zana" take, kuma ita ce dai ake ji a zanen ƙwarya da zanen fuska. Akwai kuma "zayyana", wadda aka aro daga Larabci da ma'anar ƙawatawa. Ita ce a cikin "allon zayyana" da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani. Ya kamata a lura da yadda ma'anarta ta faɗaɗa a bakin Bahaushe, har akan ce wane ya zayyana mini labari, wato ya kawo shi dalla-dalla.

Game da launi, maginin da yana da uku ne a hannunsa kafin zuwan kayan kanti: fari daga farar ƙasa, ja daga jar ƙasa, sai baƙi ko duhu-duhu daga baƙar ƙasa da gawayi. Farar ƙasa haƙo ta ake yi, a jiƙa, a tace, a shafa da tsumma ko tsintsiya. Aibinta guda, tana bin rigar duk wanda ya jingina, shi ya sa wasu kan zuba mata ɗan ƙaro don ta kama.

Makuba kuwa ɓawon ɗorawa ce. Itacen ɗorawa yana ba Bahaushe abu uku daga ɗa guda: garin nan rawaya da ake sha, da kalwa da ake daddawa da ita, da kuma ɓawon da ya rage. Wannan ɓawo ake jiƙawa ko a dafa, ya fitar da ruwa mai launin ja-ja da ya yi duhu. Idan aka yayyafa wannan ruwa a kan daɓe ko aka shafe bango da shi, ƙasar takan ƙara tauri, ta yi sheƙi, ruwa kuma ba ya saurin cin ta. A wuraren da ɗorawa ta yi ƙaranci akan yi amfani da ruwan bagaruwa, wadda majema ke jima da ita.

Abin da ya fi ba ni sha'awa cikin kayan nan shi ne "laso", domin a cikinsa ake ganin yadda sana'o'in birni suka dogara da juna. Laso haɗi ne na abu uku. Na farko "katsi", wato dagwalon da ke kwantawa a gindin karofi bayan an daɗe ana rini. Akan kwashe shi, a shanya, a ƙona, a daka. Na biyu "gashin jima", gashin da majema ke kankarewa daga fatun awaki. Na uku ruwan "dafara", wata ciyawa mai yaɗo da ake daka saiwarta ta ba da ruwa mai yauƙi. Idan aka kwaɓa su wuri guda sai a sami wani irin siminti mai ruwan toka wanda ruwa ba ya ratsawa, da shi ake shafe rufin soro da zankwaye da bakin indararo, har ma da cikin ramin karofin kansa. Ke nan magini ba zai sami laso ba sai marini yana rini, majemi kuma yana jima. Duk garin da marinarsa ta mutu, lasonsa ya mutu ko da maginansa na nan da rai. Wannan dalili ne da ba a cika ambata ba idan ana maganar ɓacewar ginin gargajiya, an fi ɗora laifin duka a kan siminti.

3.0 Masallaci da fada a ƙarni na 19

Shaidar da muke da ita daga matafiya ta nuna cewa a ƙarni na 19 ado a cikin gini yake, waje kuwa fili ne. Baƙon da ya shiga Kano ko Katsina ko Damagaram a wancan zamani dogayen katangu jajaye zai gani, ba taga, ba zane. Sai ya wuce zaure ya shiga soron babban mutum sannan ido zai sami abin kallo. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851 zamanin Sarki Usman, ya yaba da soron da aka karɓe shi a ciki, ya ambaci tsawon rufinsa da manyan bakuna guda biyu na ƙasa da aka goge su sumul aka kuma yi musu ado. Waɗannan su ne magina ke kira "bakan gizo". Ana yin su da azara, wato tsagaggen itacen giginya wanda gara ba ta cika ci ba, a riƙa ɗaura ta gaɓa-gaɓa tana lanƙwasowa daga bango biyu har ta haɗu a tsakiya, sannan a lulluɓe da ƙasa. Inda bakuna suka gitta juna a rufi, shi ne "ɗaurin guga". A daidai mahaɗar akan lika tasa ko faranti, kuma a jikin bakunan ne mai zane ya fi sakin hannu.

Kafin Barth, Hugh Clapperton ya je Sakkwato a 1824 ya tarar ana gina wani masallaci da Waziri Giɗaɗo ya sa a yi. Ya ce shugaban maginan mutumin Zazzau ne, wanda ya gaya masa cewa mahaifinsa ya je Masar ya koyo wani abu na fasahar gini, ya kuma bar masa takardunsa. Wannan ɗan labari yana da muhimmanci, domin ya nuna tun a lokacin Zazzau ta yi suna da magina, kuma hanyar aikin hajji tana kawo dabaru kamar yadda take kawo littattafai.

A Zariya ɗin ne aka yi aikin da masana suka fi ambato, wato Masallacin Juma'a da aka gina zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Maginin shi ne Malam Mika'ilu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, kuma har yanzu akwai unguwa mai wannan suna a birnin Zariya. Adon da ya yi wa ginshiƙai da bangon ciki na tudu da kwari ne: a ɗora ɗanyar ƙasa, a fitar da layuka da da'irori da kusurwoyi da hannu tun ba ta bushe ba. Babu siffar mutum ko ta dabba, kamar yadda ya dace da ɗakin ibada. Ƙarfin adon daga inuwa yake zuwa, domin hasken da ke shigowa ta ƙofa kaɗan ne, yana faɗawa a kan tudun ya bar kwarin cikin duhu. A shekarun 1970 aka kewaye tsohon ginin da sabon gini na kankare. Wanda ke son ganin yadda siffarsa take a da sai ya je gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, inda aka gina kwatankwacinsa bisa awon da Zbigniew Dmochowski, wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, ya yi da abokan aikinsa.

A wannan ɓangare namu, Damagaram ta bunƙasa a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, lokacin da ayarin Tarabulus ke sauka a Zango. Fadar sarki da manyan gidajen unguwar Birni daga wannan arziki suka samo tushe. A Agadas kuma, wadda hukumar UNESCO ta sa tsohon garinta cikin jerin kayan tarihin duniya a 2013, akwai gidan Sidi Ka, da ake kira gidan mai burodi, inda aka cika bangon ɗakin sama da zane da ƙananan alkukai. Alkuki shi ne ɗan ramin da ake bari a bango don ajiye fitila. A wannan gida ya tashi daga wurin ajiya ya zama ado.

4.0 Ɗakin mace

Littattafan Turawa sun fi mayar da hankali kan aikin maza, ga dalili mai sauƙi: mai bincike namiji iyakarsa zaure. Amma mafi yawan bangon da aka ƙawata a ƙasar Hausa mata ne suka ƙawata shi, ba tare da an kira su gwanaye ba.

Idan za a kawo amarya, ƴan uwanta mata ke zuwa su gyara ɗaki. Su za su zuba tsakuwa da ƙasa, su yayyafa ruwan makuba, su jeru da madaɓai suna duka suna waƙa har ƙasa ta kwanta. Daga nan muka sami waƙoƙin daɓe, waɗanda ɗaliban adabin baka suka sani, kuma ya kamata su lura cewa kiɗan waƙar shi ne aikin kansa. Da aka daina daɓe sai waƙar ta rasa makaɗi. Bayan daɓe sai shafe. Akan bi rabin bango na ƙasa da ja ko da makuba, inda hannu da baya ke taɓawa, rabin sama kuma da farar ƙasa. Mai hikima takan bi ɗanyen shafen da yatsu uku ko huɗu tana jan su a lanƙwashe, layi bisa layi, sai bangon ya fito kamar an yi masa saƙa. Wata takan tsoma tafin hannu ko guntun tsumma cikin launi ta riƙa dangwalawa. Da bular wanki ta shigo kasuwa, sai aka riƙa zuba ta cikin farar ƙasa, aka sami shuɗin nan mai haske da tsofaffinmu ke so.

Sai kuma "jere". Da farko ƙore ne da tukwane da tasoshin tagulla. A ƙarni na 20 kwanonin sha da na ci masu fure-fure suka shigo daga Turai da Asiya, daga baya aka riƙa ƙera su a Nijeriya. Mata suka jera su tun daga ƙasa har rufi, wasu kuma suka lika faranta a jikin ɗanyen yaɓe. A nan bango ya zama wurin nuna abin da iyaye suka yi wa ƴarsu, kuma dukiya ce da mace ke iya sayarwa ranar da ta shiga matsi. Saboda haka wanda ya kalli jere ya ce ado ne kawai bai gama fahimtarsa ba.

Wannan aiki na mata yana da dangi a maƙwabta. Matan Kasena na Tiebele a kudancin Burkina Faso, da na Sirigu a arewacin Gana, suna zane bangon gidajensu da ja da fari da baƙi, su goge da dutse, sannan su shafe da ruwan dafaffen ɓawon ɗorawa, wato makubarmu dai. Fadar Tiebele ta shiga jerin UNESCO a 2024. Su sun riƙe abin har ya zama abin da ake zuwa kallo.

5.0 Yadda ado ya fito waje, da zuwan siminti da fenti

Gidajen nan masu zanen fuska da ake bugawa a katin gaisuwa da littattafan yawon buɗe ido, waɗanda mutane ke ɗauka tun kaka da kakanni haka suke, yawancinsu aikin ƙarni na 20 ne. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, Ingilishi suka ci Kano da Sakkwato a 1903, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Cinikin gyaɗa da auduga da fatu ya haifar da sababbin masu kuɗi waɗanda ba ƴan sarauta ba ne. A da talaka ba ya son gininsa ya ja idon fada, domin yana iya jawo wa kansa abin da ya fi ƙarfinsa. Da wannan tsoro ya ragu, sai ɗan kasuwa da alhajin da ya dawo daga Makka suka fara sa a yi musu zane a bakin zaure, inda kowa zai gani.

A. H. M. Kirk-Greene ya wallafa wani ɗan littafi kan irin waɗannan gidaje na Zariya a 1963, Friedrich Schwerdtfeger kuma ya fitar da babban nazari a kansu a 2007. Abin da ke cikin zanen ya isa a tsaya a kansa. Akwai "dagi", ƙullin nan da ba a ganin farkonsa ko ƙarshensa, wanda ke jikin babbar riga da kayan dukawa da allon zayyana, wanda kuma gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauka ya zama tambarinta zamanin Sardauna. Akwai takobi da allo da wata da tauraro. Amma a gefensu sai ga keke da mota da agogo da jirgin sama. Wasu masana sun ɗauki wannan a matsayin lalacewar fasaha. Ni ban yarda ba. Maginin da ya zana keke a 1950 abin da ke da daraja a idon mai gida ya zana, kamar yadda kakansa ya zana takobi.

Siminti ya kawo sabuwar dabara. A maimakon ɗora ƙasa a fitar da tudu, sai a shafe bango da siminti, a bi shi da launi, a kankare siffar da wuƙa ko cokali tun yana ɗanye. Aikin ya fi sauri, ya fi araha, kuma ba ya bukatar gwanin da ya shekara goma yana bin ubangida. Da masana'antun siminti na Malbaza da Sakkwato suka fara aiki a shekarun 1960, sai abin ya game ko'ina. Fentin gwangwani ya zo da kore da rawaya da shuɗi da ruwan azurfa, launukan da ƙasa ba ta bayarwa. Fadojin Kano da Zariya da Damagaram duk sun karɓe shi, har yau bakunan sorayensu da ƙofofinsu suna ɗauke da launuka masu ƙyalli.

Sai dai siminti da ƙasa ba sa zaman lafiya. Bangon ƙasa yana shan laima da damina ya fitar da ita da rani, yana ɗan kumbura yana ɗan tsukewa. Siminti ba ya bin sa. Da zarar ya tsage ruwa ya shiga ta baya, ba shi da hanyar fita, sai ƙasar ta jiƙe a ɓoye, wata rana a wayi gari shafen ya zube falle guda da zanensa duka. Fentin mai ma haka yake yi wa yaɓen ƙasa, ya kumbura ya ɓare. Makuba da laso suna bukatar a sabunta su bayan ƴan shekaru, amma suna barin bango ya sha iska. Mutane sun guje wa wahalar sabuntawa, suka ɗauki abin da suke zaton na dindindin ne.

Ba kowa ne ya bi wannan hanya ba. A ƙauyen Yama na jihar Tawa, Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, aka faɗaɗa shi daga 1975, ya kuma sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

6.0 Halin da ake ciki

Yau ado ya sake komawa cikin ɗaki. A Yamai da Maraɗi da Kano, gidan bulo a waje katanga ce da ƙofar ƙarfe, a falo ake kashe kuɗi. Masu fenti sun koyi dabarun da suke gani a waya: a goge bango ya yi sumul, a sa launi na farko, a bi da na biyu da soso ko dunƙulallen tsumma, ko a ja shi da wani abu mai haƙora kamar mashaci, ko a ɗora fenti mai kauri a fitar da tudu da kwari da cokalin magini.

Lokacin da nake karatu a Jamus, matar da na yi haya a gidanta ta kira mai fenti ya yi wa bango guda na falonta irin wannan aiki. Na tsaya ina kallonsa yana dangwala soso, ita kuma tana yi mini bayanin cewa salo ne daga Italiya. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne gwaggona da tsummanta da ƙwaryar farar ƙasa. A can ne kuma na ga ana sayar da shafen ƙasa a buhu da tsada, saboda an gano yana daidaita laimar ɗaki. Mutanen Maroko ma sun riƙe nasu shafen mai suna "tadalakt", na farar ƙasar da aka ƙona, wanda ake gogewa da dutse a bi da sabulun man zaitun, har ya zama abin da manyan otal-otal na duniya ke nema da sunansa na asali. Ban ga abin da zai hana makuba samun irin wannan matsayi ba, in da an tsaya an gwada ta an rubuta ma'auninta.

A farkon watan Satumba na 2024 tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina da ƙasa a tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwan sama mai yawa. Unguwar tana cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006. Ginin ƙasa ana iya tayar da shi idan akwai masu sani, kuma sanin nan a baki yake, cikin kalmomin da ba su gama shiga ƙamus ba. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham sun adana da yawa daga cikinsu, amma sun fi karkata ga Hausar Nijeriya, ba su tattara duk abin da maginan Damagaram da Adar da Arewa ke faɗa ba.

Don haka aikin da nake so kowane ɗalibi ya yi a hutun nan shi ne ya nemi tsohon magini ɗaya da tsohuwa ɗaya da ta taɓa yin daɓe a garinsu. Ya tambayi sunan kowane kayan aiki, da sunan kowane zane, da aikatau ɗin da ake amfani da shi a kowane mataki. Ya rubuta su da karin harshen mai maganar, kada ya mayar da su daidaitacciyar Hausa, ya sa alamar karin sauti da tsawon wasali, ya kuma ɗauki murya idan an ba shi izini. Za mu kwatanta abin da aka samo a makon farko na zango mai zuwa.